Darasi na 7: Auna Zafin Farantin Sola da Ma'aunin Mannawa

Duk mai kula da rijiyar burtsatse ta sola ya san wannan: da tsakar rana a watan Afrilu rana na ƙwallewa, amma ruwa ba ya zuwa da ƙarfin da ake zato. Sau da yawa zafi ne sanadi. Ƙarfin da kamfani ya rubuta a bayan faranti, a zafin digiri 25 aka auna shi. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kan haka, faranti yakan rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Tafin hannu zai gaya muku akwai zafi, amma ba zai faɗi digiri nawa ba.

Ma'aunin da za mu koya sunansa Pt100. Ɗan falle ne siriri, da wayoyi a jikinsa. A cikinsa akwai ƙarfen filatinam, wanda ke turje wa wutar lantarki, kuma turjiyar na ƙaruwa idan ya ɗau zafi. Da om ake auna turjiya. A digiri 0 yana ba da om 100. A digiri 100, zafin tafasar ruwa, yana ba da om 138.5. Ke nan kowane digiri yana ƙara om 0.385.

Kafin ku manna, ku gwada shi. Ku sa shi a leda ku ƙulle, ku tsoma a kofin dakakkiyar ƙanƙara mai ɗan ruwa, ku haɗa wayoyinsa da mita mai auna om. In ta nuna om 100 ko dab da haka, lafiyarsa lau.

Wurin mannawa ne aikin yake, kuma nan mutane suka fi yin garaje. Wannan ma'auni zafin jikinsa kawai ya sani. In akwai ƙura, maiƙo ko iska tsakaninsa da faranti, abin da mita za ta nuna ba zafin faranti ba ne. Ku zaɓi bayan faranti, wajen tsakiya, nesa da gefen ƙarfe da akwatin wayoyi. Kada ku manna a gaba, zai yi inuwa, rana kuma za ta gasa shi kai tsaye. Ku goge wurin da auduga da sifirit, ku bari ya bushe. Ba a sa sanfefa a bayan faranti, domin tana yage rufinsa. A jikin bututun ƙarfe ko injin niƙa ne take da amfani. Ku shafa gam mai jure zafi kaɗan ƙwarai, don gam mai kauri yana tare zafi kamar bargo. Ku danna da babban yatsa har iska ta fita, sannan ku rufe da salatif na alminiyam. Wayoyin ma ku kwantar da su a jikin faranti kamar taƙi guda, ku liƙe, don kada su riƙa janye zafi zuwa iska, ko su fizge ma'aunin.

Ku lura da tsawon waya. Ita ma tana da tata turjiyar, kuma om ɗaya kacal na ƙara kuskuren digiri 2.6. In mita na nesa, ku nemi ma'auni mai waya uku ko huɗu da na'urar da ke karanta irinsa, ita ke cire turjiyar waya daga lissafi.

Bayan gam ya kama, ku jira lambar mita ta tsaya. A ce ta nuna 123.2. Ku cire 100, saura 23.2. Ku raba da 0.385, amsa digiri 60. Wannan ya ɗara 25 da digiri 35, ke nan faranti mai wat 300 ya rasa kusan wat 42. Shi ya sa ake ɗaga faranti daga kwanon rufi, a bar wa iska hanya ta ƙasansa.

Aikin gida: ku auna da ƙarfe 8 na safe, da 1 na rana, da 5 na yamma, ku rubuta om da digiri a littafinku. Sannan ku lissafa: in mita ta nuna om 115.4, digiri nawa ke nan?