Yadda za ki koya wa yaro sanin launuka da kayan cikin gida

Ɗan ƙanwata yana da shekara biyu da rabi lokacin da uwarsa ta zo min hankali a tashe, wai duk abin da aka nuna masa sai ya ce ja. Bokiti shuɗi ja ne, ganyen alayyafo ma ja ne. "Yaya, anya idonsa lafiya?" in ji ta. Na ce ta kwantar da hankalinta. Yaro yana bambance launuka da ido tun yana ɗan watanni a duniya, amma laƙa wa kowane launi sunansa wani aiki ne daban, kuma yawancin yara sai wajen shekara uku zuwa huɗu bakinsu ke zama a kai. Ga hanyar da muka bi da shi, ba tare da mun kashe ko sisi ba.

Da farko ki ajiye sunaye tukuna, ki fara da haɗa iri da iri. Ki nemi kaya iri ɗaya masu launi daban, domin idan kika haɗa tumatur da kuɓewa, da siffa zai raba su, ba da launi ba. Ranar da aka dawo cefane daga kasuwar Tudun Wada ko Sabon Gari, ki ware tumatur nunannu da ɗanyu, ki zube su a tire, ki ajiye kwano biyu. Ki jefa nunanne ɗaya a wannan, ɗanye ɗaya a wancan, ki ce, "Zo ka kai kowa wajen ɗan'uwansa." Kofunan roba ma suna yi. Attaruhu kam kada ya shiga wasan nan, hannun yaro ba ya rabuwa da idonsa. Murfin kwalba da maɓalli kuwa baki suke nufa, ki bar su sai ya girma.

Idan rabon ya zauna, sai ki shigo da suna, launi ɗaya tak. Ja ya fi saurin kama ido, da shi muka fara. Kwana biyar ko mako guda, duk jan abin da ya gifta ki ambace shi: manja, zoɓo, hular babansa. Daga nan ki kawo wanda ya yi masa nisa, kamar fari, sannan baƙi, kore, shuɗi.

A nan ne nake so ki lura sosai da yadda kike jera magana. Idan kika ce "jan kofi", yaro yana iya ɗauka sunan kofin ke nan gaba ɗaya. Amma idan kika ce, "Ga kofi. Kofin nan ja ne," hankalinsa ya riga ya sauka a kan kofin kafin sunan launin ya iso, sai ya gane cewa ja wani abu ne da ke jikin kofin. Can kuma ki ɗauko wani ki ce, "Wannan ma kofi ne, amma shi shuɗi ne." Kada batun jan da jar, ko kore da koriya, ya dame ki yanzu. Mu Zage-zagi da ma ba mu cika tsananta wa wannan ba, kuma kunne zai gyara masa a hankali.

Wajen tambaya ma akwai gaba da baya. "Miƙo min kofi ja" ya fi "wane launi ne wannan?" sauƙi nesa ba kusa ba, don haka shi za ki riƙa yi har sai ya daina kuskure. In ya miƙo shuɗi, ki karɓa da fara'a ki ce, "Wannan shuɗi ne, ga ja nan." Ba tsawa, ba a tara masa yayye su yi masa dariya. Minti biyar ya isa; da ya fara waige-waige, ki tashi.

Sauran launukan Hausa ta riga ta sauƙaƙe mana su, tun da da abin da muka sani ta raɗa musu suna: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa. Damuwata ita ce yaran cikin gari da yawa ba su taɓa ganin ɗorawa ba. Da bazara ki sayo ta, ki ɓare a gabansa, ya ga garin, ya lasa, ya shafa a tafin hannu. Ki ɗebo masa toka mai sanyi daga murhu. Kakarsa in ta tauna goro, ta nuna masa. Abin da yaro ya taɓa da hannunsa ba ya saurin ɓace masa.

Sai ki fita da karatun waje. Tutar Najeriya kore ce da fari da kore. Ranar hawan Sallah, babansa ya ɗora shi a wuya ya nuna masa dogaran Sarkin Zazzau cikin ja da kore, da fararen rawuna, da baƙin doki. In an sa shi makaranta za su koya masa sunayen da Turanci, wannan ba laifi, amma a gida ki riƙe na Hausa.

Abu ɗaya ne ke buƙatar likita. Idan yaro ya kai shekara biyar yana faɗin sauran launuka daidai amma kullum yana rikita ja da kore, ko ya kasa raba nunannen tumatur da ɗanye, wataƙila raunin ganin launi ne na gado. Ya fi yawa a maza, kuma ta wajen uwa yake biyowa. Ki kai shi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Gwajin ba allura, ɗige-ɗige ne masu launi da lamba ko hoto a ɓoye a ciki. In an tabbatar, ki sanar da malaminsa tun farkon zangon karatu, don kada a riƙa yi masa faɗa a aji kan abin da idonsa ba ya gani.