Yadda mai koyon ƙera sauti zai zaɓi sintesaizar kwamfuta ta farko

A ƙananan situdiyoyin Jos, daga Bauchi Road zuwa Anguwar Rogo, matasa da yawa sun fara haɗa kiɗa ne da piyanon Yamaha ko da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, inda ake ɗauko sautin da wani ya riga ya ƙera a ɗora waƙa a kansa. Wannan hanya tana fitar da aiki, sai dai ranar da mawaƙi ya ce yana son bes, wato sautin ƙasa mai nauyi, mai ɗan kauri, ko sarewa mai huci irin ta makiyaya, mai haɗa kiɗan yakan shafe awa guda yana lalube cikin ɗaruruwan firiset, wato sautukan da aka adana a shirye, bai samu abin da kunnensa ke nema ba. Maganin wannan shi ne mutum ya koyi gina sauti daga tushe, kuma kayan aikin ginin shi ne sintesaiza. Shawarata ga mai farawa ita ce ya zaɓi guda ɗaya tak wadda take nuna masa abin da take yi a fili, wadda kuma kwamfutarsa za ta iya ɗauka, ya zauna a kanta na wasu watanni.

Kafin ka sauke komai, ya kamata ka san sassa huɗu da kusan kowace sintesaiza take da su, domin da su za ka auna wadda ta dace. Na farko shi ne osileta, wanda yake haifar da igiyar sauti: akwai mai santsi da ake kira sayin, akwai mai siffar haƙorin zarto wadda take da kaifi da cika, akwai mai kusurwa huɗu wadda amonta yake kamar na bututu. Na biyu shi ne filta, wanda aikinsa aikin rariya ne, yana tace wani ɓangare na sautin ya bar wani ya wuce. Na uku shi ne enbelof, wanda za ka gani an rubuta ENV a jikinsa, kuma shi ne yake ƙayyade yadda sauti zai tashi, ya sauka, ya tsaya muddin yatsa yana kan maɓalli, sannan ya mutu bayan an ɗaga. Na huɗu shi ne LFO, wanda ya yi kama da hannu na uku da yake juya maka wani maɓalli gaba da baya ba tare da gajiya ba. Wannan tsari na osileta zuwa filta zuwa ƙarfin murya shi ne na Minimoog, wadda kamfanin Robert Moog ya fitar a 1970, kuma har yau a kansa ake koyo.

Ma'auni mafi muhimmanci shi ne ko manhajar tana nuna maka motsin sauti da idonka. Kunnen mai koyo bai riga ya goge ba, saboda haka idan ya juya maɓalli ya ji wani abu ya sauya, sau da yawa ba ya iya cewa mene ne ya sauya. Amma idan yana ganin siffar igiyar tana lanƙwasa, yana ganin bakin filta yana buɗewa yana rufewa, yana kuma ganin wani ɗan zobe mai launi yana zagaya maɓallin da LFO ke juyawa, to ido ne zai riƙa yi wa kunne jagora har kunnen ya tsaya da ƙafarsa. Haka kuma a duba yadda ake haɗa wani sashe da wani. A manhajoji na zamani, kama enbelof kawai za ka yi da linzamin kwamfuta ka ja shi ka ajiye a kan maɓallin da kake so ya motsa, alhali a wasu tsofaffi sai ka shiga wani jadawali mai layi-layi ka zaɓi tushe da inda za a kai. Dukansu suna aiki, amma ta farkon ba ta kashe wa mai koyo gwiwa.

A nan ne ya kamata a bambanta sintesaiza da ma'ajiyar sauti. Nexus, wadda take cikin kwamfutocin situdiyo da dama a ƙasar nan, an san ta ne da tarin sautuka masu daɗi da aka gama dafawa, kuma tana da amfaninta idan aiki ya yi gaggawa. Wanda yake son ya iya girki kuwa, ba a kantin sayar da abinci zai koya ba.

Ma'auni na biyu shi ne yawan hanyoyin ƙera sauti da manhajar ta ƙunsa. Bayan hanyar tacewa da filta irin ta Minimoog da aka ambata, akwai hanyar jerin igiyoyi, inda ake jera siffofi masu yawa osileta yana ratsa su ɗaya bayan ɗaya, sautin yana sauya launi yana tafe. Akwai kuma FM, wadda John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford ta Amurka, Yamaha kuma ta yaɗa ta a duniya da DX7 a 1983; a nan osileta ɗaya ne yake girgiza wani da sauri, kuma daga nan ake samun amon ƙararrawa, da na ƙarfe, da irin gangar nan mai nauyi ta kiɗan amapiano. Manhajar da ta haɗa waɗannan uku za ta ishe ka shekaru.

Wadda nake fara nuna wa kowa ita ce Vital, wadda Matt Tytel ya fitar a ƙarshen 2020. Tana da osileta uku na jerin igiyoyi, da gurbin ɗora sautin da aka naɗa, da filta biyu, kuma kusan duk abin da ke motsi a cikinta ana ganinsa. Ana sauke ta kyauta bayan buɗe asusu, kuma injin ta kyauta ɗaya ne da na waɗanda ake saye a dala 25 ko dala 80, bambancin yana wajen yawan firiset da igiyoyin da ake ba ka. Ƙarancin firiset ɗin ma alheri ne ga mai koyo, tun da yana tilasta masa ya ƙera nasa. Inda take da matsala shi ne nauyi: zane-zanenta suna buƙatar kwamfutar da sashen hotonta bai tsufa ainun ba, kuma idan aka ninka muryoyin osileta har zuwa 16 sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta fara nishi, sauti ya riƙa tsattsagewa.

Idan laftof ɗinka ta kwana biyu, irin ta hannu da ake saye a kasuwa, to ka gwada Surge XT. Claes Johanson ne ya ƙirƙire ta a matsayin ta sayarwa, sannan ya saki lambobin da aka rubuta manhajar da su ga jama'a a 2018, masu sa kai suka ci gaba da gina ta. Kyauta ce gaba ɗaya, tana aiki a Windows da Mac da Linux, tana da nau'o'in osileta masu yawa har da na FM da na tsirkiya, da firiset fiye da 2,000. Fuskarta dai a cunkushe take, kuma ba ta nuna motsi kamar Vital, don haka makon farko da ita yana buƙatar haƙuri.

Serum, ta Steve Duda da kamfanin Xfer Records, tana cikin waɗanda aka fi yi wa darussa a YouTube tun fitowarta a 2014, kuma kashi na biyu ya fito a 2025. Manhaja ce mai kyau, haka ma Pigments ta kamfanin Arturia na Faransa, amma farashinsu da dala ne, kuma duk wanda ya juya shi zuwa naira zai ga cewa kuɗin ya fi dacewa da hedfon mai gaskiya a wannan mataki. Abin da ka koya a Vital zai bi ka zuwa Serum kusan kai tsaye, saboda tsarinsu ya yi kama. Game da kwafin sata da ake yawo da su a filash kuwa, ban ga dalilinsu ba a yau: haƙƙin wani ne, suna iya shigo da ƙwayar cuta cikin kwamfutar da kake cin abinci da ita, ga kuma na halal kyauta.

Kafin ka yanke hukunci, ka tabbatar kwamfutarka mai tsarin 64-bit ce, ka sauke nau'in VST3, wato wanda yake aiki a cikin manhajar haɗa kiɗa, ka buɗe shi cikin FL Studio ko duk manhajar da kake haɗa kiɗa da ita. Ka yi gwajin sau biyu, da caja a jone da kuma bayan an ɗauke wuta, domin laftof da yawa suna rage ƙarfinsu idan suka koma kan batir, kuma a nan ne gaskiyar nauyin manhaja take fitowa. Idan sauti yana yankewa, ka shiga saitin sauti na manhajar haɗa kiɗa ka ɗaga girman bafa, wato ɗan rumbun da ake tara sauti kafin ya fito, zuwa 512 ko 1024 kafin ka ɗora wa sintesaizar laifi.

Gwaji na ƙarshe shi ne ka share komai ka koma kan sautin farko wanda ba a taɓa ba, ka yi ƙoƙarin kwaikwayon kayan kiɗan da kunnenka ya sani tun yarinta, domin a kansu ba za ka iya yaudarar kanka ba. Don kuntigi, ɗauki haƙorin zarto, ka sa enbelof mai tashi nan take da saurin mutuwa, ka ja shi kan filta yadda zai buɗe ya rufe cikin ƙiftawar ido. Don sarewa, ɗauki sayin, ka zuba masa ɗan hayaniyar iska, ka jinkirta tashinsa kaɗan, ka sa LFO yana kaɗa muryar kamar sau biyar a daƙiƙa. Kalangu ya fi su koyarwa, saboda muryarsa tana hawa tana sauka ne gwargwadon yadda makaɗi ya matse tsirkiyoyinsa a hammata: sayin mai gajeren rai za ka ɗauka, ka ɗora enbelof na biyu a kan maɓallin hawa da saukar muryar, ka riƙa sauya zurfinsa har ka ji gangar ta fara magana. Ba za su fito daidai da na gaske ba, kuma ba a buƙatar su fito. Manhajar da ta bar ka ka kusanci waɗannan uku cikin yamma ɗaya, kana fahimtar dalilin kowane maɓalli da ka taɓa, ita za ka riƙe, sauran kuma ka cire su daga kwamfutar zuwa wani lokaci.