Idan likita a Amurka ya rubuta maka maganin riƙewar baya

Kusan duk sabon zuwa da ya kama aikin ɗaukar kaya a sito, ko ɗaga tsofaffi a gidajen kula da su, ko wuni a mota yana kai saƙo, akwai ranar da zai tashi baya ya riƙe, ruku'u ma ya gagara. Wani kuma wuyansa ne zai sanƙare bayan ya kwashe dusar ƙanƙara da shebur a hunturunsa na farko. In ka je asibiti, mai yiwuwa a sallame ka da takardar maganin sassauta tsoka, kuma cyclobenzaprine na cikin waɗanda aka fi rubutawa a nan.

Sunan ne ke ruɗin mutane. Za ka ɗauka ƙwayar tana tafiya ne kai tsaye inda ke ciwo, alhali a ƙwaƙwalwa take aikinta, ta rage saƙon da ke sa tsoka ɗaurewa. Shi ya sa take zuwa da barci, da jiri, da bushewar baki. Ka ɗauke ta kamar 'yar'uwar maganin barci. Yawanci likita kan fara da miligiram 5 sau uku a rana, wani lokaci ya kai 10, kuma ba a son a wuce mako biyu zuwa uku ana sha. Ga wanda ya kai shekara 65, likitoci kan yi ɗari-ɗari da ita saboda faɗuwa da ruɗewa.

Ƙwayar farko, ka sha ta da dare, a ranar da ba ka da aikin sammako washegari, ka ga yadda jikinka zai karɓe ta. Ka sa agogo ya tashe ka, don tana iya cinye maka Asuba. Wani ma har hantsi kansa na nan da nauyi. Ɗan'uwa mai tuƙin Uber, a nan ne maganar ta fi shafarka: dokar tuƙi cikin maye ta haɗa har da maganin likita. In ɗan sanda ya ga motarka na tangaɗi, takardar asibiti ba za ta wanke ka ba, kuma irin wannan tuhuma kan taɓa lasisi, wani lokaci har ta kawo tambayoyi a maganar takardun zama. Haka mai jan motar ɗaga kaya a sito. Ka faɗa wa likita irin aikinka tun kafin ya rubuta. Zai iya mayar da shan na dare kaɗai.

Sai guzurin gida, wanda a ganina ya fi komai haɗari. Kowa ya san ledar nan ta magunguna da akan cusa a akwati, ko Hajiya ta aiko da ita ta hannun matafiyi. In akwai tramadol a ciki, kada ya kusanci cyclobenzaprine: haɗa su na iya jawo farfaɗiya, ko wani yanayi na zazzaɓi da gumi da karkarwa da ruɗewa. Tun 2014 ma tramadol ya shiga jerin magungunan da gwamnatin Amurka ke sa wa ido, riƙe shi ba takardar likita laifi ne. In kuwa tizanidine aka ba ka, wani maganin sassauta tsokar, to ka nesanta shi da ciprofloxacin, wancan da muka saba sha da sunan maganin taifot. Yana hana hanta narkar da tizanidine, sai maganin ya taru a jini, awon jini ya faɗi warwas, mutum ya yanke jiki. Ka kwashi ledar gaba ɗaya, har da garin sassaƙe, ka zube wa mai ba da magani a kantin ya duba. Ba ya karɓar ko sisi a kan shawara. A asibiti kuma, in Turancin na maka nauyi, ka nemi tafinta, ana haɗa mutum da shi ta waya.

In an ce maka kada ka haɗa da giya, kar ka yi saurin cewa "Allah Ya kiyaye, ni ba na sha" ka wuce. Ruwan NyQuil na mura da aka saba gani yana da giya a cikinsa, ga kuma sinadarin sa barci. Benadryl, maganin ƙaiƙayi da atishawa, shi ma yana sa barci. Ko wannensu ka ɗora a kai, barcin ninkuwa zai yi.

Mai ciwon zuciya, ko wanda ƙwayar maƙogwaronsa, wato thyroid, ke aiki fiye da kima, ko mai shan maganin damuwa, ya faɗa wa likita. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma haka. In azumi ne, ka tambayi yadda za a raba shan tsakanin buɗa-baki da sahur, kada ka haɗa biyu ka zuba lokaci guda. Cikin sauran magungunan sassauta tsoka, methocarbamol na iya sauya launin fitsari ya yi duhu, wannan ba abin tsoro ba ne. Baclofen kuwa, in an daɗe ana sha, ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali likita ke rage shi.

Mun saba da zumuncin "ga ragowar nawa, gwada." A nan, kwalbar da sunanka take, miƙa wa abokin ɗaki karya doka ne, kuma ba ka san me yake sha ba. Ka ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa. In aka yi kuskuren sha fiye da kima, lambar cibiyar guba ita ce 1-800-222-1222, dare da rana. Wanda ya ƙi farkawa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, 911 za a kira.

Ƙwayar dai sarari take sama maka ka yi barci ka motsa. Gashi da ruwan ɗumi da ɗan tattaki sun fi kwanciya wuni guda amfani. Amma in ciwon bayan ya zo da mutuwar ƙafa, ko tsakanin cinyoyinka ya daina jin taɓi, ko fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa, kada ka jira ranar da likita ya ba ka. Sashen gaggawa za ka nufa a daren, kuma wani ne zai tuƙa ka.