Yadda za ka warware kalmar "stenazo"

Ɗalibaina na Girkanci a nan Ƙofar Ƙaura, nakan ce su tuna nishin ɗan dako ƙarƙashin buhun gero. Ma'anar stenazo, kalmar Girkanci da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ke nan: ina nishi.

Fara duba wutsiyar kalmar. A Romawa 8:23 stenazomen ne, kuma -omen "mu" yake nufi: muna nishi, har yanzu. Sannan ka duba farkon kalmar: a Markus 7:34 estenaxen ne. E ɗin farko ya mai da shi abin da ya wuce, wato Yesu ya yi ajiyar zuciya kafin ya warkar da kurma.

Ma'anar kalmar a Yakubu 5:9 ke kayar da mutane, ni ma ta taɓa kayar da ni. Can gunaguni da juna ake hanawa, ba nishin ciwo ba.