Kumburin wuyan yaro da ke fitowa lokacin kuka: yadda ake gane taimus

Idan aka kawo mini jariri ko ɗan shekara 2 da kumburi a gindin wuya, abin da nake fara tambayar uwarsa shi ne, "Maman yaro, yaushe abin yake fitowa?" In ta ce sai yana kuka ko tari ko nishin kashi, da ya yi shiru kuma ya koma, to hankalina ya tafi kan taimus.

Taimus nama ne mai laushi a bayan ƙashin ƙirji, inda ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suke nuna. A wuya ake fara halittarsa, wajen mako na 6 da shigar ciki, sannan ya gangara ƙirji. Wani lokaci guntunsa kan maƙale a hanya, galibi ta hagu. Wani lokaci kuma yana mazauninsa, girman da yake da shi a ƙuruciya ne ke sa kuka ya turo shi cikin ramin nan na saman ƙashin ƙirji.

Kai ma'aikacin lafiya, ka sa uwar ta ɗauko maka bidiyo a waya yaron yana cikin kukan, domin a gabanka abin kan ɓuya. Sannan ka taɓa. Na taimus laushi ne da shi, ba zafi, fatar wurin ba ta ja. Kaluluwa ta fi shi tauri, maƙoƙo kuwa yana bin haɗiyar yawu sama da ƙasa.

Sikanin wuya, wato hoton ultrasound, shi ne ke raba gardama, kuma ba ya cutar da yaro. Taimus kan fito da duhu-duhu da fararen ɗigo-ɗigo kamar taurari, yana kwance jikin jijiyoyin jini bai matse su ba. Ka roƙi mai hoton ya leƙa ƙirjin ma, a ga ko akwai taimus a can. Wannan nake matsawa a kai, saboda in na wuyan ne kaɗai yaron ke da shi aka cire, garkuwar jikinsa na iya raunana.

Don Allah a hana kai shi wajen wanzami a tsaga. Manyan jijiyoyin jini ne a wurin.

Amma in kumburin ya yi tauri, ko yana ƙaruwa, ko akwai zazzaɓi da rama da zufar dare, ko numfashi na fitar da ƙara, kada ka jira, tura shi babban asibiti a bincika tarin fuka da ciwon daji. In hoto ya tabbatar taimus ne kuma yaro na ci yana wasa, ba a tiyata, sai dai a riƙa dawowa ana dubawa. Da kansa yake raguwa bayan balaga.