Kula da man dizal da baƙin mai a tarakta

Tarakta ba a auna mata aiki da kilomita, da awa ake aunawa. Don haka kafin komai a tabbatar mitar awa tana aiki, a kuma riƙa rubuta awar da aka yi kowane juyen baƙin mai.

Baƙin mai ana duba shi kullum da safe kafin a tada inji, tarakta na tsaye a wuri mai daidaito. Zaro geji, wato sandar auna mai, goge shi da tsumma mai tsabta, mayar da shi har ƙarshe, sannan ka sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin layi biyun. Idan ya haura layin sama, karanshaf zai riƙa bugunsa yana kumfa, mai kumfa kuwa ba ya riƙe metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu. Baƙin da mai ke yi da wuri a injin dizal ba laifi ba ne, kunkunniya ce yake kwashewa. Abin tsoro biyu ne. Idan ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ruwan lagireto ne ke shiga, galibi ta gaskit ɗin kan inji. Idan kuwa yana ƙaruwa da kansa, ya tsinke, yana warin dizal, to injekta, wato mai fesa dizal cikin inji, ce ke ɗiga ko fatar ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki ta yage. A duka biyun kada a fita aiki.

Yawancin taraktoci suna son juye duk awa 250, sabon inji kuma a awa 50 na farko. Wasu na zamani suna kai awa 500, amma inda ƙura ta yi yawa gara a rage. Ko aikin bai kai ba, a juye sau ɗaya a shekara. Man da aka fi amfani da shi 15W-40 ne na injin dizal, mai alamar API CH-4 ko CI-4. Ƙanana da matsakaitan injina suna shan lita 6 zuwa 10. Littafin taraktarka ne zai faɗi daidai.

A ɗumama inji minti 10, a kashe, a kwance notin ƙasa, a bar mai ya tsiyaye sarai. Filta a canza ta tare da mai kowane lokaci. Duba kada tsohuwar robar ta manne a mazauninta, domin roba biyu a kan juna suna fashewa, mai ya zube cikin 'yan mintuna. Shafa sabon mai a robar sabuwar filta, ɗaura da hannu har ta taɓa, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Sifana ba ta da aiki a nan. Bayan an zuba mai, fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan da tada inji. In ba ta mutu ba, kashe nan take.

Ɓangaren dizal shi ne inda aka fi yin asara, kuma ruwa ne babban abokin gaba. Famfon injekta da nozul dizal ɗin kansa ne ke sa musu santsi, tazarar da ke tsakanin ƙarafansu kuwa ba ta kai kaurin gashi ba. Ruwa kaɗan ya isa ya kawo tsatsa ya cinye su. Tankin da aka bari rabi da dare yana yin gumi daga ciki, shi ya sa ake cika shi da yamma bayan an tashi aiki. Man duro a bar shi ya kwanta aƙalla awa 24, kada kuma a zuƙo daga can ƙasa. Kada a ajiye dizal a mazubin da aka shafe da zinki, domin dizal yana narkar da zinkin ya toshe nozul.

Ƙoƙon raba ruwa da ke ƙasan filta a leƙa shi kowace safiya. Ruwa ya fi dizal nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa. Sassauta notin har dizal tsantsa ya fara fitowa. Baƙar yauƙi a ciki alama ce ta ƙwayoyin cuta da ke rayuwa a tsakanin ruwa da mai, sai an wanke tanki. Filtar dizal ana canza ta duk awa 400 zuwa 500, ko da zarar tarakta ta fara sanyin jiki idan ta ɗauki nauyi. Kafin a ɗora wa filta laifi dai, a duba ɗan ramin iska na murfin tanki. Idan ya toshe, inji yakan yi aiki na ɗan lokaci ya mutu.

Bayan canza filta, ko idan mai ya ƙare a tanki, sai an cire iska. Sassauta notin iska na kan filta, ka yi ta danna hannun ƙaramin famfo har mai ya fito ba kumfa, ka ɗaure. Idan hannun ya yi sako-sako ba ya turo komai, juya inji kaɗan ka sake gwadawa. Yi haka a notin famfon injekta. In har yanzu ta ƙi tashi, sassauta notin fayif biyu a wajen injekta, ka yi kik na daƙiƙa 15, ka huta minti ɗaya, har mai ya fara tsartuwa, sannan ka ɗaure.

Wannan matakin na ƙarshe na tsofaffin injina ne kawai. Injin zamani mai common rail, wato wanda duk injektocinsa ke shan dizal daga bututu ɗaya mai matsi sosai, matsin mansa yana iya wuce bar 1,600 (bar ma'aunin matsi ne), ba a taɓa kwance fayif ɗinsa, ba a kuma cika sabuwar filtarsa da man da ba a tace ba. Ko a tsohon inji, kada a nemi yoyo da yatsa, a kara kwali. Dizal da ya huda fata aikin asibiti ne cikin gaggawa, ko da ramin bai fi bakin allura ba.