Yadda Ake Zaɓen Sabbin Kafasita Idan Za a Tayar da Tsohon Rediyo Mai Bawul

Idan ka samu tsohon Philips ko Grundig na katako a ɗakin kaka, irin wanda aka riƙa kamo sashen Hausa na BBC da shi bayan buɗe shi a 1957, kada ka yi gaggawar jona shi da wuta. Bawul ɗin da ke ciki, wato kwalaben gilashin nan masu kama da kwan fitila, sau da yawa lafiyarsu ƙalau. Kafasita ne, wato kayan da ke riƙe cajin wuta, waɗanda tsofaffin masu gyara ke kira kwandansa, shekaru suka cinye, kuma guda ɗaya da ta lalace tana iya ƙone taransfomar da ba za ka sami madadinta a kasuwa ba.

Kafin ka taɓa komai, cire wuta, ka sauke cajin manyan kafasita ta hanyar razista, wato abin da ke rage gudun wuta, ka auna da mita ka tabbata babu saura. Suna riƙe sama da 250V. Ka ɗauki hoton ƙasan rediyon da waya, za ka gode wa kanka daga baya.

Mataki na farko shi ne rarrabewa, domin ba duka ake cirewa ba. Na takarda da aka shafe da kaki, masu danƙo a hannu, da baƙaƙen nan na Philips masu kama da kwalta, da na kamfanin Hunts da ke cikin rediyon Ingila, duk a sauya su. Takardar ta sha danshi, wuta na yoyo ta cikinta. Masu ruwa a ciki, na cikin gwangwanin alminiyam, sun bushe, su ne ke sa lasifika ƙugi. Amma na maika (wani ma'adini mai sheƙi) da na tangaran da ke kusa da sashen kamo tasha, ƙyale su. Da wuya su lalace, kuma in ka motsa su tashoshi za su kauce daga inda allura ke nunawa.

Sai karanta lamba. Tsohon rubutu MFD yana nufin µF, MMFD kuwa pF ne, dukansu ma'aunin girman kafasita ne. A nan ne sababbin shiga ke wahalar da kansu, su yi ta zaga shaguna neman 0.05µF, alhali an daina yayinsa. Sa 0.047. A madadin 0.02 sa 0.022, a madadin 0.005 sa 0.0047. Tsofaffin ma tun suna sababbi sukan kauce wa lambar da ke jikinsu da kashi 20 cikin ɗari, rediyon bai taɓa damuwa ba. A jikin sabuwa za ka ga 473, wato 0.047 ke nan, 223 kuma 0.022, 103 shi ne 0.01.

Abin da ba a wasa da shi shi ne ƙarfin wutar da za ta iya ɗauka. Daidai da na tsohuwa ko sama, ba ƙasa ba ko kaɗan. Ni dai a madadin na takarda ina sayen na leda (film) masu 630V gaba ɗaya, in huta da lissafi. Layin da aka zana a zagaye a gefe ɗaya na tsohuwar ba alamar + ko − ba ne, gefen da ake juyawa wajen ƙasa, wato ƙarfen jikin rediyo, yake nunawa, sabuwar kuwa ko ta wane gefe ka sa ta za ta yi aiki.

Akwai wurare uku da ke son kulawa ta daban. Na farko, kafasitar da ke miƙa sauti zuwa bawul na ƙarshe, misali daga EABC80 zuwa EL84. Idan ta yi yoyo, EL84 zai ja wuta fiye da kima, ya yi zafi har cikinsa ya yi ja, murya ta shaƙe, taransfomar lasifika ta gasu. Ko da kuɗin guda ɗaya ke aljihunka, wannan za ka fara saya. Na biyu, wadda ke kan taransfomar lasifika kanta, ita 630V bai ishe ta ba, nemi 1000V ko fiye. Na uku, duk wadda ke taɓa wutar gida kai tsaye: mai alamar X2 tsakanin wayoyin wuta biyu, mai alamar Y2 tsakanin waya da ƙarfen jikin rediyo. An ƙera su ne musamman don jure tsallen wutar gida, mu kuwa mun san halin wutarmu.

Ga masu ruwa, 32µF ya koma 33µF, 50µF ya koma 47µF, a kan 450V. Kada kwaɗayin kashe ƙugi ya sa ka cusa 220µF. Bawul mai daidaita wuta yana da iyaka, misali EZ80 ba ya son kafasitar farko da ke bayansa ta wuce 50µF, in ta wuce ka rage masa kwana. Kula da + da −, domin juya su fashewa ce. A rediyo mai FM akwai wata ƙarama, wajen 5µF, wadda sau da yawa + ɗinta ne ke zuwa ƙasa, saboda haka duba hoton da ka ɗauka kafin ka liƙa da dalma. Tsohon gwangwanin kuwa bar shi a samansa don kyan gani, ka yanke wayoyinsa, ka ɓoye sababbin a ƙasa.

A wajen saye, guji abin da ake kira tsohon sabo, wanda ya shekara hamsin a kwali. Ya tsufa ko ba a yi aiki da shi ba. Ka kuma yi hattara da mai 450V da ka ji ba nauyi a hannu, ko ta yi ƙanƙanta fiye da 'yan uwanta.

Sauya ɗaya bayan ɗaya, kada ka tuge duka ka rasa gurbin kowace. Ranar gwaji, ka sa kwan fitila mai zare na 60W a jere da wayar wuta, yadda sai wutar ta bi ta cikinsa kafin ta shiga rediyo. Idan ya haska sannan ya dusashe, jira bawul su ɗumama ka murɗa allura. Idan ya tsaya da haske sosai, kashe nan take ka koma kan hoton.